Shekarar da Muka Daina Shan Ruwan Farko

Yau a Yelwa idan ƙishi ya kama mutum, sai ya miƙa hannu a ba shi ruwan leda mai sanyi, ya fasa da haƙori, ya zuƙe, ya yar da ledar. Mai hali kuma ya haƙa burtsatse a tsakar gidansa, ya ɗora farantan hasken rana a kan rufi, tanki ya cika ba wanda ya yi gumi. A zamaninmu ba haka ba ne. Lokacin da Yauri take cikin Jihar Sakkwato, bututu ɗaya ne yake tasowa daga bakin tafki ya shayar da gari, kuma duk abin da ya shiga bututun nan, alheri ko sharri, shi zai shiga cikin kowa, daga liman har jariri. Shi ya sa ba na jin haushi idan samarin da ke hira a inuwar dogon yaron bakin famfon unguwarmu suka ce mini, "Baba Umaru, ai ku kun ci daɗi. A murɗa nan ruwa ya zo, a murɗa can ya ɗauke, shi ke nan an tashi aiki." Domin su nake wannan rubutu, ko sa san dalilin da ya sa aka dasa itacen da suke zaune a ƙarƙashinsa.

Ni haifaffen ƙasar Ngaski ne, amma ƙuruciyata a kan hanya ta ƙare. Na bi jiragen ruwan fatake zuwa Gaya, na zauna Yamai har bakina ya kama Zabarmanci da ɗan Faransancin kasuwa, na gangara Jabba na koyi Nufanci da Yarabanci a wurin masu gyaran inji, wata shekara kuma na bi motar albasa har Agadas. A Agadas na ga mutum ya yi alwala da ruwan da bai fi na kofin shayi ba, kuma can ba wanda ke tsoron ruwa, rashinsa ake tsoro. A Jabba ruwa ya yi yawa har zaginsa ake yi. Sai da na dawo gida na ga abin da ban gani a ko'ina ba: gari yana kallon tafkin da ido ba ya kai ƙarshensa, amma yana tsoron ƙishi, daga baya kuma ya koma tsoron ruwan da ke fitowa daga famfonsa.

Wanda ya koya mini aiki a gidan ruwa shi ne Baba Manu, wani gajeren dattijo mai kaurin wuya, wanda ya fara haɗa bututu tun ana gina madatsar Kainji. Ranar da na fara, bai tambaye ni ko na iya karatu ba. Makulli ya miƙo mini. Ƙarfe ne mai nauyi da ya kai mini ƙirji, da mariƙi a gicciye a samansa, da shi ake buɗe bawul ɗin da ke binne a mararrabar unguwanni, kowane a cikin raminsa da murfin ƙarfe. Ya ce kafin in zura hannu cikin ramin bawul in fara zungurawa da sanda, don kunama da maciji ma sanyi suke so. Ya koya mini rufewa a hankali, domin in ka rufe da gaggawa ruwan da ke gudu yakan dawo ya daki bututu kamar rago ya yi karo, sai ka ji ya fashe a wata unguwa da ba ka ma je ba. Akwai kuma sandar saurare, siririn ƙarfe mai katako a kai. Ka kafa bakinta a kan bututu, ka ɗora kunne a katakon, ka yi shiru. Bututu mai lafiya yana da irin kukansa, wanda ya tsage yana da nasa, kamar numfashin mai mura. Na daɗe ina kafa kunne ban jin komai sai bugun jinina, Baba Manu yana tsaye yana cewa, "Kai Ummaru, harsuna nawa ka iya, amma ba ka jin na ƙarfe?"

A ɗakin tace ruwa kuma akwai alimun, wanda ke sa laka ta kwanta, da farin garin nan mai yaji da ake kira kulorin, wanda ke kashe cuta. In ka buɗe gangarsa iska tana fuskantarka, sai ka yini idanunka suna zuba. Duk wannan ana iya koya wa kowa. Abin da Baba Manu ya ɗauka shi ne zuciyar sana'ar, wata al'ada ce da ba a rubuta ta a ko'ina ba.

Wata rana mun gyara bututun da ya fashe bayan kasuwar kifi, tun hantsi har la'asar muna cikin caɓi. Da muka gama ya ce in je in buɗe. Na buɗe, na dawo bakin famfon unguwa, na tarar mata sun yi layi da tuluna da bokitai, amma ba wadda ta tara. Famfo ya yi tari, ya fesar da iska, ya zubo wani jan ruwa mai tsatsa. Baba Manu ya dube ni.

"Tara hannu."

"Baba, a bari ya ɗan washe mana."

"Wanda ya buɗe shi ka fara sha. In ba ka iya shan shi, don mi za ka ba ɗiyan mutane?"

Na tara hannu na kurɓa. Ɗanɗanon ƙusa ne a bakina. Sai da matan suka ga na haɗiye, sannan ta gaba ta tura tulunta. Tun daga ranar, duk bawul ɗin da na buɗe, ni ne mai fara sha, a gaban mutane, ruwan farko da ya fito. A Jabba ban ga ana haka ba, a Yamai ma ban gani ba. Amma mutanen Yelwa da yawansu da ruwan kogi suka tashi, ba su yarda da ruwan da ya bi ta cikin ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa ba sai da suka ga mai makulli yana sha. Da wannan kurɓa guda aka saya wa famfo amana a garin nan.

Wanda bai zauna bakin tafkin Kainji ba ba zai gane halinsa ba. Sau biyu yake samun ruwa a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na ruwan saman ƙasarmu, da ke zuwa a ƙarshen damina. Akwai baƙin ruwa, garau, wanda ke tasowa daga ƙasashe masu nisa can yamma ya iso mana da sanyi. Daga nan sai tafki ya yi ta ja da baya, har damina ta faɗi yana ja, sai ta yi nisa sannan ya juyo. Mu kuwa bakin bututun da ke zuƙo ruwa a kan gangunan ƙarfe muka ɗaure shi yana iyo, kullum muna ƙara masa tsawo muna bin ruwa, kamar makiyayi da shanunsa.

A shekarar babban fari, farin ruwa ya zo kaɗan, baƙin ruwa kuma kamar bai zo ba. Masunta daga Wara da Shanga suna zuwa kasuwa suna ba da labarin duwatsun da suka fito, waɗanda samari ba su taɓa gani ba. Tsofaffin tsibiran Gungawa, da ruwa ya cinye lokacin da aka tsare kogi aka tashe su zuwa tudu, suka fito fili da kangayensu da turakun rumbunansu. Muka ƙara bututu har na ajiya ya ƙare. Inji yana zuƙo rabi ruwa rabi laka, abin da muke iya tacewa bai kai ya cika tanki ba.

Shugabanmu a lokacin wani injiniya ne mutumin Zuru, Kirista, dogo, marar yawan magana, wanda ya san aikinsa. Ya tara mu ya ce ba yadda za a yi, sai an raba ruwa unguwa-unguwa, wannan ta samu yau, a rufe, waccan ta samu gobe. Kowa ya ga hikimar abin, domin in ba haka ba na gangare za su shanye, na tudu su kwana da ƙishi. Ni aka ba makulli. A nan na san mutane. Wata ta tare ni da busasshen kifi a ƙunshe don in ƙara wa layinsu lokaci, wani ya rantse zai kai ni wurin alƙali, Fulanin da suka sauka bayan gari suna bina da ƙwarya suna roƙon ko na maruƙa. Akwai wani ɗan garuwa, Ɗanjuma, mai bakin tsiya, da ya hango ni sai ya ajiye garewaninsa ya ɗaga murya.

"Ku ba da hanya, ga Sarkin Makulli nan ya taho! Kada ku ɓata mai rai ya kulle muna sama ita ma!"

Ana dariya, amma dariyar mai ƙishi ce.

To, da ruwa ya yi rauni, sai ya daina hawa kan famfo a gidajen tudu. Mutum ya buɗe, ya ji ruwa yana ƙugi a ƙasa amma ba ya iya tasowa. Sai mutane suka samo dabara. Su haƙa rami a gindin famfo har su kai ga bututun da ke kwance, su yanke shi a nan, su sauka da kwano suna tara abin da ke tsiyayowa. In an gama a toshe da tsumma ko ɓawon masara. Kafin wata biyu, da wuya ka shiga gida a tudu ba ka ga ramin famfo ba. Har a gidana akwai. Ba wanda ya ga aibu, mu ma'aikata ma cewa muke Allah ya sa wa mai dabarar albarka.

Sai ruwan sama na farko ya sauka, mai ƙarfi, ya wanke gari. Ya kwaso kashin awaki da na kaji da abin da ke bayan gidaje, ya cika kowane kwari, har da ramukan famfo. Mutane suka yi murna, amma tafki bai ƙaru ba ko da taki ɗaya, rabon ruwa ya ci gaba. Bayan 'yan kwanaki aka fara amai da gudawa.

Na ga wannan ciwo a Gaya ina saurayi, na san shi. Mutum ya yi sallar asuba da ƙafafunsa, kafin azahar idanunsa sun faɗa, fatar hannunsa in ka ja ba ta komawa. Can a Gaya an san daga ina yake, masu shan kogi yake kamawa. A Yelwa kuwa sai ya shiga gidajen da ba su taɓa ɗibar ruwan tafki ba, gidajen da famfo kaɗai suke sha. Asibiti ya cika har baranda. Masu haƙar kabari suka daina komawa gida da rana. In na ratsa unguwa da makulli a kafaɗa, sai hira ta tsaya.

Injiniya ya auna ruwan tanki, ya sake aunawa, ya ce lafiya lau yake, ga warin magani ma kowa yana ji. Gaskiya ya faɗa. Amma a gari wata magana ta tashi, wai bakin bututunmu ya kai kan tsohuwar maƙabartar Gungawa da ta fito daga ruwa, ruwan kaburbura muke ba mutane. Aka fara jifar yaran Gungawa a hanyar makaranta, aka daina sayen kifin matansu. Wasu kuma suka bar famfo suka koma bakin tafki, inda ruwa ya zama koren caɓi, shanu da mutane da masu wankin kayan marasa lafiya duk wuri ɗaya. Wannan shi Injiniya ya fi tsoro. Ya ce in gari ya koma can, ba za a iya ƙirga gawa ba.

Baba Manu ya ce shi ya san maganin ƙarya. Ya bar ɗakin inji, ya riƙa bina duk inda zan buɗe ruwa. Da famfo ya yi tarin farko sai ya ture ni, ya tara hannu biyu, ya sha, ya ƙara, ya shafe gemu, ya juya ga jama'a.

"Ga ni nan. Tun ba a haifi wasunku ba nika shan ruwan ga. Wa ya ga kabari cikin cikina?"

Mutane suka ɗan dawo. Ni ma ina kurɓa bayansa, kamar kullum. Ranar Laraba ya sha a babban famfon gangare, kusa da masu saƙar taru. Ranar Juma'a ba a gan shi a masallaci ba.

Washegari ina rufe bawul ɗin tudu, sai ga wata dattijuwa ta tsaya a kaina. Inna Asabe ce, Bagungiya, mai bandar kifi, wadda gidanta ke can saman unguwa. A tsibirin da ake magana a kai aka haife ta, iyayenta suna kwance a maƙabartar nan. Na gaishe ta da Gunganci, don na ɗan iya, ta amsa a gajarce ta koma Hausa, yadda na kusa za su ji.

"Mai makulli, iyayena ba su kashe kowa ba suna raye, ba za su fara ba suna kwance. Ka gama rufewa?"

"Na gama, Inna."

"To taho ka ga abin da famfonku ka yi in kun ba shi baya."

Na bi ta. Ramin famfonta ya kai ƙugu, a gefensa ga turken awaki, ga magudanar wanka. A ƙasan ramin akwai ruwa kwance, baƙi, ya rufe bakin bututu, tsumman toshiya yana yawo a kai. Ta ce in yi shiru. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji da sandar saurare ba, irin na mai zuƙe ɓargo daga ƙashi. Ina kallo ruwan ramin yana raguwa. Na sauka na ɗora tafin hannuna a bakin bututun, ya kama shi ya riƙe.

"Kullum haka yaka yi," in ji ta. "Ku ba mu da safe, ya karɓe da rana. Na ce ma surukata, wanga abu ba ya ƙoshi, sai ta ce tsufa ne ya kama ni."

Ban tsaya sallama ba. Na tarar da Injiniya a ɗakin inji, na faɗa masa. Ya dafe kai. Ya ce haka ne, in an rufe bawul, na gangare suna ci gaba da tsiyaye abin da ya rage, bututu kuwa ba ya zama wofi, sai ya jawo ta duk inda ya sami kafa a sama. Da can ba a rufe ruwa, bututu kullum a cike yake yana turawa waje, ba abin da ke iya shiga. Ya aika aka sayo bula, shuɗin nan da mata ke sa wa fararen kaya. Muka koma gidan Inna Asabe ya narka ta a ramin, bututu ya shanye. Da aka zagayo ranar layin, muka sa aka buɗe tun mutane ba su taru ba, muka tsaya a babban famfon gangare da farin kwano. Ruwan farko ya fito shuɗi, a daidai inda Baba Manu ya tara hannu. Muka sake rufewa nan take.

Abin da bututu ya zuƙa daga ramukan gari duka, yana kwance a ciki yana jira, kuma ruwan farko shi ke kwaso shi. Kurɓar da muke yi don a yarda da mu, ita ce mafi muni a duk ruwan garin.

Na je asibiti da rana. Baba Manu yana kan tabarma a baranda, an rataye masa ledar ƙarin ruwa a ƙusa, wuyan nan mai kauri ya zama kamar na kaza. Na durƙusa na gaya masa komai, har da bular. Ya juyo ya dube ni.

"Ashe ba Gungawa ba ne."

"Ba su ba ne, Baba."

"Gobe ina za ka buɗe?"

"Gangare."

"Za su tsaya su ga ka sha." Ya nemi ruwa aka jiƙa masa leɓe. "Ni na ɗora maka, ni na sauke maka. Kada ka taɓa na farko. Amma Ummaru, sai ka sha. In ka taho ba ka sha ba, bakin laka za su, su da ɗiyansu."

Injiniya ya ƙara magani a tanki fiye da kullum. Ya ce in bar famfo ya yi ta zuba har sai na ji warin maganin sosai, wannan ne ruwan da ya taso daga tanki, abin da ya riga shi duk na rami ne. Na tambaye shi ko in warin ya zo shi ke nan babu cuta. Ya dube ni ya ce, "Malam Umaru, haka ya kamata ya zama. Ban iya rantse maka ba."

Da hantsi na buɗe bawul na gangara. Layi ya kai har bakin hanya, don unguwar ta kwana biyu ba ruwa, kuma labarin Baba Manu ya riga ni isa. Famfo ya yi tari ya fara zuba. Na tsaya hannuwana a baya. Ruwa yana zuba a ƙasa, yana bin rairayi, a shekarar da mace ke wanke kwano da ruwan da ta wanke shinkafa. Na ɗaga murya na yi bayanin ramuka da Hausa, na maimaita da Gunganci, na juya wurin wasu Nufawa masunta na faɗa da nasu. Ba wanda ya ji. Idanu duka suna kan ruwan da ke tafiya a banza.

Ɗanjuma ne ya fara. "Jama'a kun gani? Sarkin Makulli ya ƙi sha! Ya ga abin da ya sami tsoho, mu yaka so mu sha!"

"In ba shi da kyau ku faɗi muna mu tafi tafki!" in ji wata.

"In yana da kyau don mi kaka zubar da shi? Ɗiyana ba su sha ba tun jiya!"

Wasu daga baya suka fara ɗaukar tulunansu suna juyawa wajen tafki. Wata yarinya mai goyo ta turo bokiti ƙarƙashin famfo, na sa ƙafa na ture shi, wani ya ci kwalata. Sai ga Inna Asabe ta ratso, da zaninta mai warin hayaƙi, ta tsaya tsakanina da su, ta kafa sandarta.

"Ɗanjuma, rufe muna baki, kai da ko wanka ba ka yi balle ka san ruwa. Ramina ne ya ba ku ciwo, da naki, Hajo, da na gidan kowa. Na gani da idona. Ku bari ya wanke cikinsa. In yaron ga ya sha, ni ce ta biyu."

Na sunkuya ina shinshina ruwa a tafin hannu ina zubarwa. Warin laka. Na sake. Warin laka da tsatsa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai san rigata ta jiƙe ba da ruwan famfo ba. Can sai yajin nan ya daki hancina, wanda na sha zagi a ɗakin tacewa. Na bari ya ƙara zuba. Na yi bisimilla, na tara hannu biyu yadda Baba Manu ke yi, na sha, na ƙara. Inna Asabe ta miƙo ƙoƙonta ta sha. Ɗanjuma ya leƙo ya shinshina.

"Wanga ai warin asibiti ne."

"To ka sha shi nan, ko ka je can ka sha," in ji ta.

Aka yi dariya, ta farko da na ji a unguwar tun saukar ruwan sama. Waɗanda suka juya suka dawo layi.

Kwanakin da suka biyo baya, duk ƙugin da cikina ya yi sai in tsaya cik in saurara, kamar na kafa sanda a kan bututu. Kuma kowace safiya akwai wata unguwar da zan buɗe, in tsaya, in jira wari, in sha. Allah bai ƙaddara ba. Inna Asabe ita ta fara cike raminta, da hannunta, ta sa surukarta tana miƙo mata ƙasa. Masu unguwanni suka bi gida-gida. Ba kowa ya yarda da daɗi ba, domin cike rami yana nufin mace ta koma ɗaukar tulu zuwa famfon waje. Muka yanke layukan gidajen tudu muka toshe su da ƙarfe, muka kafa famfunan unguwa a wurare masu gangare, da daɓen siminti da magudana, bakinsu sama da inda ruwan sama ke kaiwa. Ciwo ya ja da baya a hankali. Baba Manu bai ga dawowar tafki ba. Mun kai shi kafin farin ruwa ya iso, kuma cikin masu ɗaukar makara har da Gungawa.

Zubar da ruwan farko bai daina yi wa mutane ciwo ba, ni ma haka. Wanda ya ga Agadas ba ya iya kallon ruwa yana bin rairayi. Shi ya sa a ƙarshen kowace magudana muka dasa dogon yaro, ya riƙa shan abin da mutum ba zai sha ba. Wasu awaki sun cinye, wasu an sare da aka faɗaɗa hanya. Na unguwarmu yana nan, shi ne wanda kuke zaune a inuwarsa.

Na ci gaba da riƙe makulli har aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, na koya wa mutane da yawa aiki. Na koya musu zungurar rami kafin zura hannu, da rufewa a hankali, da sauraron ƙarfe, da tsayawa su sha a gaban jama'a. Amma daga shekarar nan ba a sake haƙa ramin famfo da saninmu ba, kuma ba mai makullin da ya sake shan ruwan farko a Yelwa. Na farko na itace ne, sai an ji warin magani mutum yake tara hannu.